Na Zubar da Muryarki, Yaya Asabe

Zuwa ga yayata Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, an yalwata miki makwanci. Ni ce ƙanwarki Rakiya, wadda kika yi ta kira Auta har furfura ta fito mini. Ina rubuto miki daga unguwar Erdington a Birmingham, a kan teburin kicin ɗin nan da kika sani, mai ƙafa ɗaya da take rawa. Bana shekara huɗu ke nan da rasuwarki.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. A shafina na intanet zan sa ta, inda matan Birmingham da na Manchester za su karanta, kuma da gangan na yi haka, domin wasunsu suna cikin labarin. Abin da ya kawo ni guda ɗaya ne. Na zo in gaya miki abin da na yi da muryarki, tunda ba wanda ya fi ki haƙƙin ji.

Yawancin masu karantawa ba su san ki ba sai da sunan da suka laƙaba miki, wato "yayar Malama Rakiya, mai waƙar nan", su faɗa suna rage murya kamar masu ambaton cuta. Ba su san an yi shekarun da in an manna sunanki a ƙofar zauren kiɗa a Manchester, Turawa da mutanen Jamaika sukan yi layi a cikin ruwan sama ba. Ko abin da kike yi ɗin ma ba su sani ba. Kiɗan jaz ne, kuma naki ɓangaren shi ne wanda masu abin suke kira scat: waƙa ba kalma ko ɗaya, sai sautin baki, mutum ya mai da maƙogwaronsa ganga da sarewa, yana ƙirƙira nan take, abin da ya yi yau ba zai iya maimaita shi gobe ba.

Ni kuwa na san inda kika samo shi, kuma ba a Ingila ba ne.

A gidanmu na Gwammaja ne, ranar da Baba ya dawo daga masallaci ya tarar kina wanke-wanke kina rera waƙar da kika ji a rediyo. Ya ce kalmomin waƙa ne suke lalata 'ya'yan mutane, kada ya ƙara jin su a gidansa. Washegari kika tsuguna a gindin rijiya kika rera waƙar nan daga farko har ƙarshe, kin cire mata kalmomi kaf. Baba ya tsaya da buta a hannu, ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai kama ki, ya wuce. Tun daga ranar kika samu abin faɗa: "Ni dai ban ce komai ba." Har kika manyanta kina faɗar haka, kina ɗaga gira ɗaya.

Kunnenki ba ya barin komai ya wuce. In Inna da Gwaggo suna lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya, Inna ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, kina gefe kina yi da baki, har da tafin, har da nishin Gwaggo. Kin kwashe guɗar biki, kin kwashe ƙarar guga a bakin rijiya, kin kwashe kiran mai tallan manja. Ni ma ba ki bar ni ba. Ina da wani dogon kuka mai hawa uku da nake yi in an hana ni abu. Sai ki zauna a gabana ki yi ta bin sa da murya, kina ƙawata shi, har in manta abin da nake wa kukan in fashe da dariya.

Ina aji biyu a sakandare gwamnati ta ba ki gurbin karatu, kika taho Manchester koyon haɗa magunguna. Wasiƙarki ta farko duk ƙorafin sanyi ce da dafaffen dankali. A ta uku kika rubuto cewa kin ji wata baƙar Ba'amurkiya a rediyo tana yin abin da Baba ya rasa yadda zai hana ki, ashe a nan sana'a ce, har tafi ake yi wa mutum. Kin gama karatunki, wannan dole in faɗa saboda masu yawo da cewa waƙa ta ɗauke miki hankali kin watsar. Shekara da shekaru kina tsaye a kemis kina ba tsofaffi maganin hawan jini daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi kuma ki hau dandamali.

Masu buga faifai sun bi ki har sun gaji. Kin ƙi, domin a zuwanki gida na ƙarshe kafin Baba ya rasu kin yi masa alkawari cewa muryarki ba za ta shiga kasuwa ba, ba wanda zai saye ta a Sabon Gari ya zo ya kunna masa a ƙofar gida. Kin riƙe alkawarin nan har ƙarshe. Abin da kawai kike yi, duk ranar wasa sai ki ajiye 'yar rikodarki a gefen dandamali ki ɗauka a kaset, ki kai gida ki saurari kurakuranki. Aikinki na sama da shekara ashirin ba ya ko'ina a duniya sai a cikin waɗannan kaset-kaset.

Da na biyo maigidana Birmingham lokacin da ya samu aikin likita, ke kika tarbe mu, ke kika saya mini rigar sanyi ta farko. Kuma ba ni kaɗai ba. Ɗalibai nawa kika ɗauko daga filin jirgi, suka kwana a falonki, suka sha miyar kukarki, kika nuna musu yadda ake rajista da GP, wato likitan unguwa, da yadda ake hawa bas? Da sun samu gindin zama sai su ji abin da kike yi ranar Asabar, shi ke nan, gaisuwa ta yanke. A wurin suna ko walima kujerar kusa da ƙofa ake ba ki. Kina gani, ki ci shinkafarki, ki yi wa mai jego barka, ki kama hanya.

Amma ni na fi kowa. Na zama malamar Islamiyyar ranar Asabar a unguwar Small Heath, ana ce mini Malama, ina jin daɗin sunan har cikin raina. Na roƙe ki kada ki ba abokan kiɗanki adireshin gidana ko lambar wayata, ko da wasa. Kika dube ni kika ce, "To, Malama Auta." Ba ki taɓa saɓawa ba.

Sau ɗaya tak na ga kina yi. Wata Lahadi ce da rana, a wata 'yar cibiyar kiɗa ta unguwa a Manchester, inda kike koyar da matasa kyauta. Na ce wa mutanen gida dubiya zan je. Na zauna a layin baya na ja hijabi har gira. Kika fito da atamfa da ɗankwali, ba ko kwalli, kika tsaya kusa da wani mutumin Jamaika da kike kira Dogo, mai kaɗa bes, ƙatuwar garayar nan ta Turawa da ake runguma a tsaye. Shi ya kaɗa na ɗan lokaci ya tsaya, ke ki ba shi amsa da baki daidai tsawon abin da ya kaɗa, ya sake, ki sake, kamar masu cacar baki da ba sa son a raba su. In ya yi ƙasa ki yi sama, in ya yi sauri ki ja ki tsaya har mutane su riƙe numfashi, sannan ki zubo gaba ɗaya ki cim masa a gaɓar da ba wanda ya zata. Can sai na ji luguden Inna. Wallahi Yaya, har da nishin Gwaggo. Turawa suna ta kaɗa kai, su a ganinsu daga Amurka kika kwaso, ni kuwa ina tsakar gidanmu ina jin ƙamshin gero. Hawaye ya jiƙa mini hijabi. Kafin a gama na sulale na fita don kada wani ya gan ni, kuma ban taɓa gaya miki na je ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ki, kika dawo Birmingham don ki kasance kusa da ni, aka ba ki ɗan gidan haya a unguwar Perry Barr. Ya zo daidai shekarun da gwamnati ta ce za ta tsuke bakin aljihu, kuma a wuyan irinku aka tsuke shi. Mai zuwa kula da ke sau uku a rana ta koma zuwa sau ɗaya, a tsaitsaye, ko kwat ba ta cirewa. Wurin da ake kai ku gashin ƙashi da koyon magana aka rufe shi. Na yi ta zagin gwamnati a kan wannan, kuma da gaskiyata. Sai dai tsakanin gidana da naki bas ɗaya ce, kuma sau ɗaya nake zuwa a sati.

Ciwon ya tafi da kalmominki. Ki nemi cewa "ruwa" ki rasa, ki yi ta nuna famfo kina jin haushi. Amma wancan abin bai tafi ba. Ina wanke miki kwanuka sai in ji ki daga kujera kina bin ƙarar cokula da baki, tsaf, ba kuskure. Maimakon in goge hannu in zo in zauna, sai in ce miki ki yi salati ya fi miki. Haka na ce miki, ke da ko sunanki ba kya iya furtawa.

Wata Talata da hantsi mai kula da ke ta tarar kin cika. A gidana aka yi zaman makoki, aka cika har matattakala, har da waɗanda suka shekara goma ba su gaishe ki ba. A rana ta uku Dogo ya zo daga Manchester, ban san yadda ya yi ya gano gidan ba. Tsoho da sanda da baƙar kwat, hularsa a hannu. Ba wanda ya ce masa ya shigo. Na same shi a bakin ƙofa, ya miƙo mini katin ta'aziyya, ya fara maganar kaset-kaset ɗinki. Na katse shi na ce iyali za su kula da komai, na rufe ƙofa.

Masu gidan da kike ciki suka ba mu sati biyu mu kwashe kayanki, don akwai masu jira a layi. Mata biyar suka zo taya ni. Muka ware atamfofi na sadaka, tukwane aka ba wata ɗaliba sabuwar zuwa. Sai muka buɗe ƙaramin ɗaki muka tarar da kwalayen takalma jere har kusa da rufi, cike da kaset.

Hajiya Lami, matar shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, ita ta fara magana, kuma na san tana karanta wannan. Ta riƙe hannuna ta ce duk ranar da wani ya kunna ɗaya daga cikin waɗannan, zunubin zai bi ki har kabari, kamar yadda ladar sadaka mai gudana take bin mutum, in har ina ƙaunarki in raba ki da su. Sauran suka ce ƙwarai, ai a gida ma in mawaƙi ya rasu ana roƙon mutane su goge abin da ya bari. Bayan wata biyar Hajiya Lami ta aurar da 'yarta, aka ɗauko mai kiɗa tun daga London, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Amma ba zan ɗora mata kayana ba. Ita ta faɗa, ni na yarda, kuma na yarda da wuri, ko gardamar minti ɗaya ban yi ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce daɗi na ji. An miƙo mini hujjar addini in rabu da abin da yake ba ni kunya.

Muka kawo baƙaƙen ledojin shara. Ina juye kwali na uku idona ya faɗa kan rubutunki. Ashe ba da Turanci kike sa musu suna ba. "Luguden Inna." "Gugan Gwammaja." "Baba da buta." Sai wani kaset ya faɗo a kan ƙafata, na ɗauka na ga an rubuta "Kukan Auta". Na riƙe shi, Yaya. Aljihun rigar sanyina yana nan a buɗe, ba abin da zai hana in zura shi. Na ɗaga kai na ga mata biyar suna kallon Malama. Na jefa shi a leda na ƙulle bakinta da hannuna. Da la'asar muka loda a mota muka kai juji, na tsaya ina gani ma'aikacin wurin ya cilla su cikin babbar kwantena tare da karyayyun kujeru.

Abin da na riƙa lallashin kaina da shi, na san kin taɓa ba cibiyar nan ta Manchester kwafin waɗansu saboda ɗalibai. Na ce ai suna can, ni dai na sauke nauyin kabari, su kuma Turawa ba sa zubar da komai. Da wannan na kwantar da hankalina har shekara biyu.

Sai wata rana ina tuƙa tuwo na so in tuna yadda kike kiran "Auta", na nema na rasa. Fuskarki tana nan, wushiryarki tana nan, girar nan da kike ɗagawa tana nan, amma ba sauti. Na kashe wuta na zauna a ƙasa. Na duba wayata, ba saƙon murya ko ɗaya. Na duba intanet, sai hoton wata tsohuwar takardar talla mai ɗauke da sunanki. Na tono katin Dogo daga ƙasan durowa, inda ya rubuta lambarsa, na kira shi.

Ya ce mu haɗu a ƙofar cibiyar. Na hau bas zuwa Manchester na tarar an toshe tagoginta da katako, ciyawa ta fito a matattakala. Dogo ya ce tallafin da suke samu ne aka yanke, dole suka rufe. Kafin su fita sun rubuta wa duk wanda ya ba su ajiya cewa ya zo ya ɗauka. Taki wasiƙar Perry Barr suka aika, adireshin da suke da shi ke nan, a lokacin kuwa wani baƙo ne a gidan. Sun nemi adireshin dangi ba su samu ba, domin kin cika mini alkawari. Shi kuma yana asibiti an yi masa aiki a ƙugu, ko da ya fito an kwashe komai an zubar.

Muna tsaye a wurin ya gaya mini sauran. Ya ce tun kafin ciwo ya kama ki kin sha gaya masa cewa kaset-kaset ɗin nan na Auta ne, domin duk Ingila ita kaɗai za ta ji ta san daga ina kowane sauti ya fito. Abin da ya zo faɗa mini ke nan ranar da na rufe masa ƙofa. Ya ce "Kukan Auta" shi mutane suka fi roƙo a ƙarshen wasa, kuma kullum kafin ki fara sai kin ce na ƙanwarki ne, malama ce a Birmingham, ta fi ki ilimi. Ya gwada ya rera mini, muryar tsufa ta ƙi, ya yi tari ya bari. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Daga baya na je wajen wani malami a Small Heath na yi tambaya, na ɓoye kaina a cikin "wata baiwar Allah". Ya ce maganar kiɗa da waƙa malamai sun daɗe suna saɓani a kanta, hisabinki kuma yana hannun Wanda Ya fi mu jin ƙai. Sannan ya tambaye ni, wa ya ba wannan baiwar Allah izinin taɓa kayan mamaci kafin a bincika ko ya bar wasiyya? Babin nan na karanta shi, Yaya, har na koyar da shi ga matan aure. Tun daga watan na ajiye koyarwa. Har yau ana ce mini Malama, ni kuma ba na son ji.

Satin da ya wuce kuma ƙungiyarmu ta aiko mini takarda. Za su yi ranar al'adu, suna son karrama 'yan Arewa da suka yi fice a ƙasar nan, kuma wani ya gaya musu ashe Turawa suna ganin girmanki. Wai ko ina da wani kaset naki da za a kunna wa baƙi. Mijin Hajiya Lami ne ya sa hannu. Wannan wasiƙar ita ce amsata, su karanta ta a gaban baƙin in suna so.

Kaset ɗaya dai ina da shi. Kafin mu rabu ranar, Dogo ya ciro shi daga aljihun kwat ya ba ni. Na tambaye shi ko muryarki ce a ciki. Ya girgiza kai. Ya ce tun da kika kwanta ciwo yakan kaɗa bes shi kaɗai a ɗakinsa, ya ɗauka ya aiko miki ta gidan waya, yana barin gurbi bayan kowane kaɗi don ki ba shi amsa daga kujerarki. Wannan shi ne na ƙarshe, ya ɗauka bai kai ga aikawa ba.

Na sayi tsohuwar rikoda a wani shagon gwanjo a babban titin Erdington. Da rana in gida ya yi shiru nakan kunna a nan kicin. Dogo ya kaɗa, ya tsaya. Sai shiru, daidai tsawon amsarki, ana jin numfashinsa yana jira. Ya sake kaɗawa, ya sake tsayawa. Haka har kaset ya ƙare, gaba da baya. Abin da ya rage ke nan na matar da aka yi wa layi a cikin ruwa, wuraren da aka bar mata ta cike.

Shekara biyu ina kunnawa ban taɓa buɗe baki ba. Jiya na ce bari in gwada, tunda ni aka ce na san daga ina sautin ya fito. Dogo ya kaɗa ya tsaya, na ja numfashi zan yi luguden Inna. Abin da ya fito kukan nan ne, Yayata, mai hawa uku, yana nan yadda kika san shi. Na yi shi har gurbin ya cika Dogo ya ci gaba da kaɗinsa, ba wanda ya zauna a gabana ya bi shi ya ƙawata.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Asabe, Ya yi miki rahama. In akwai laifi a cikin abin da kika rera, ke da ba ki ce komai ba, Allah Ya yafe miki. Ya saka miki da alheri a kan duk bakin da kika ciyar, har da waɗanda suka ci suka goge. Ya haɗa ki da Inna da Baba da Gwaggo a Aljannar Firdausi, Ya ba Dogo lafiya. Ni kuma ki yafe mini, in ana yafewa daga can. Allah Ya sa ranar da tawa ta zo ki kira ni Auta, ni kuma in gane muryar.

Ƙanwarki da ta ƙulle bakin ledar,
Auta